Yaron da Aka Rantse a Kansa

Ranar sunan jaririn Zuwairatu ko kaza ba a yanka ba, balle a yi zancen rago. Tun da sassafe kakarta, tsohuwa Turai, ta share ɗan tsakar gidan da aka ba su aro a bayan kasuwar Batsari, ta shimfiɗa tabarmi, ta dama kunu tukunya guda, ta zauna jiran mata 'yan suna. Har rana ta take babu wanda ya yi sallama sai wanzami, shi ma a tsaitsaye ya aske kan jaririn ya fice kamar ana korarsa. Kunun ya huce ya yi sanyi ƙalau... Zuwairatu na cikin ɗaki ta juya fuska ga bango tana kuka marar sauti, tana jiyo matan maƙwabta ta bayan danga suna shewa, wata na cewa, "Wa zai je sunan ɗan daji?" Kai jama'a! Ɗan daji fa, jaririn da ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba! Tsohuwa ta miƙe da ƙyar, ta sungumi jaririn ta fita ƙofar gida, ta tare Malam Abdurrahim, limamin ƙauyensu Karare wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi unguwar. Ta ce, "Malam, in duniya ta ƙi shi, Allah bai ƙi shi ba. Raɗa mashi suna." Malam ya karɓe shi, ya yi addu'a, ya sa masa suna Nurain.

Mai karatu, bari in faɗa maka yadda aka zo nan, don kada kai ma ka ɗauki alhakin yarinyar nan kamar yadda rabin gari suka ɗauka. Zuwairatu marainiya ce, ba uwa ba uba, a hannun kakarta ta tashi a Karare, a gidan Baffa Sule ƙanen mahaifinta. Akwai wani dillalin hatsi ɗan Safana mai suna Sharhabilu da ke zuwa sayen gero da gyaɗa duk kaka, mai farar shadda da zaƙin baki. Ya gan ta ya ce yana so, har an kai gaisuwar iyaye, magana ta zauna. To shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan yamma, wata ranar da hantsi aka ji harbi a bayan gari, kowa ya yi ta kansa, ɗa ya rabu da uwa. A cikin wannan rububin Sharhabilu ya tsaya da babur ɗinsa gabanta ya ce ta hau ya kai ta Batsari, ai can aka nufa da tsohuwa. Wa za ta yarda da shi a ranar in ba wanda zai aure ta ba? Ta hau. Bai kai ta Batsari ba. Shagon ajiyar hatsinsa na Safana ya kai ta, ya ja ƙofa ya rufe... Abin da ya yi mata a tsakanin buhunan nan, alƙalamina ba zai iya rubuta shi ba, Allah ya isa kawai zan ce. Washegari ya sauke ta a bakin tasha, ya ce in ta buɗe baki shi da aurenta har abada.

Ta yi shiru don kunya, amma ciki ba ya shiru. Da abin ya fito fili tsohuwa ta kai ƙara wurin mai garinsu, wanda shi ma ya yi hijira zuwa Batsari, aka kira Sharhabilu. Ya zo da fara'arsa, ko gezau. Ya nemi buta da kansa, ya yi alwala a gaban dattawa, ya karɓi Alƙur'ani daga hannun Malam Abdurrahim ya rungume a ƙirji, ya ce, "Na rantse da wannan littafi ban taɓa kusantar yarinyar nan ba, cikin nan ba nawa ba ne. Ranar gudu ai kowa ya san a daji ta kwana. Ta je can ta nemi ubansa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mutum ya dafa littafin Allah ya yanko wannan ƙarya, idonsa ko ƙiftawa bai yi ba! Daga ranar nan sunan "ɗan daji" ya bi abin da ke cikinta tun bai zo duniya ba. Baffa Sule ya rantse ba za ta haihu a ƙarƙashin rufinsa ba, tsohuwa ta ce to ita ma ba ta zama, ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta bi jikarta. Zuwairatu kuwa kalma ɗaya ta ce wa Sharhabilu yana hawa babur, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa: "Ka rantse, na ji. Ka riƙe rantsuwarka da kyau, kada ka yar."

Haka Nurain ya tashi, da rogo aka rene shi. Zuwairatu ta dafa rogo ta daka ƙuli da yaji ta kai bakin kasuwa, ranar da ba ciniki ta yi surfe a gidajen mutane har tafin hannunta ya yi kanta. Sai dai akwai abu guda da ba ta yi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san shi. Nurain ɗan fari ne, ita kuwa 'yar mutan da ce, tarbiyyar tsohuwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa in da ido. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan", ko "na wajen Inna". A bayan tsohuwa ya yi goyo, ita yake kira Inna, Zuwairatu kuwa ya taso yana ce mata Yaya, babu wanda ya gyara masa. Mutane na ganin haka suna cewa ai ko uwarsa ƙyamarsa take yi. Ƙyama! Da sun ga yadda take zare naman da ke cikin miyarta ta tura gefen kwanonsa tana kallon wani wuri, da sun ga yadda take tsayawa a bayan zaure tana leƙensa in ya fita makarantar allo har sai ya sha kwana, da sun ji kunyar bakinsu. Ranar da yara suka jefe shi suna "ɗan daji, ɗan daji", ya shigo da jini a goshi, tsohuwa ce ta rungume shi. Zuwairatu ta shiga madafa ta tusa kai cikin hayaƙi, don a ce hayaƙin ne ya sa ta hawaye.

Yaron na shekara shida Allah ya karɓi ran tsohuwa Turai, bango ya faɗi. Shi kuwa Sharhabilu duniya ta ba shi komai ta hana shi abu ɗaya. Ya yi gida mai bene a Safana, ya sayi mota, ya yi aure ya saki ya sake yi, ko ɓatan wata ba a taɓa yi a gidansa ba. Ya sha sassaƙe, ya sha rubutu, ya je asibitin birni, likita ya gaya masa gaskiyar da ba ya son ji: ba zai ƙara haihuwa ba. Ana nan wata Alhamis ya shigo kasuwar Batsari sayen hatsi, sai ya ga wani yaro tsugune kusa da tiren rogo. Ya tsaya cak. Goshin nan nasa ne, wushiryar nan tasa ce, hatta yadda yaron ke karkatar da kai in yana kallon mutum. Kowa a layin ya ga abin da ya gani. Ya dubi Zuwairatu da ke bayan tiren, ya juya ya nufi wurin Baffa Sule.

Ban san me suka ƙulla ba, amma ba a jima ba aka ga Baffa Sule da sabon babur, mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba. Wata ranar da la'asar Zuwairatu ta dawo daga surfe ta tarar da gida wayam, takalmin yaron ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ai Baffanta ne ya zo ya ɗauke shi. Ko mayafi ba ta gyara ba ta isa inda yake zaune a majalisa.

"Baffa, ina yaron nan?"

"Na maida shi gidan ubanshi," ya ce yana kaɗa makullin babur. "Mi kike so da shi? Inna ce ta riƙe shi, Inna ta rasu. Ni ne babba a gidanmu yanzu, kuma na yanke."

"Gidan ubanshi? Baffa, yau kuma yana da uba? Ba kai ne ka kore ni da cikinshi ba, ka ce ɗan daji ba ya kwana gidanka?"

"Ke! Ni kike ɗaga wa murya a gaban mutane?"

"Ban ɗaga ba tukuna, Baffa. Amma wallahi tallahi, ko a cikin rijiya kuka sa shi sai na shiga na ɗauko shi."

Washegari ta hau motar Safana da ɗan abin da ke ƙullin zanenta. Ta sami gidan, ƙaton ƙyaure na ƙarfe, ta yi ta bugu har hannunta ya yi ja. Sharhabilu ya fito yana sakace, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Wa kike nema? Nan babu ɗan daji, sai ɗana Sadiq. Na yanka mashi raguna biyu yau da safe, na sake mashi suna." Tana shirin magana sai ta jiyo muryar yaron daga can cikin gida, ta dishe don kuka: "Yaya! Yaya, ki zo ki tafi da ni!" Wayyo Allah! Ta buɗe baki za ta kira shi, sunan ya zo har maƙogwaronta ya tsaya... harshen da bai taɓa furta shi ba ya ƙi juyawa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kai... kai yaro..." Sharhabilu ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya ga mutanen da suka taru ya ce, "Kun ji ko? Ku zama shaida. Wai uwa ce wannan, ko sunanshi ba ta iya faɗi!" Ya hankaɗa ta ta faɗi cikin kwata, ya ja ƙyaurensa. Ta tashi zanenta sharkaf da ruwan ƙazanta, gwiwa na jini, ta tsaya ta dubi ƙyauren nan ta ce da ƙarfi yadda na ciki za su ji, "Zan dawo, Sharhabilu. Ba da kuka zan dawo ba."

Mata suka yi ta ba ta baki. Wasu suka ce ta haƙura, ai gata Allah ya yi wa yaron, zai ci mai kyau ya yi boko, wa ya ƙi a ce ɗansa ya sami uba? Wasu suka ce ta rufa wa kanta asiri, shiga kotu tonon tsohon ciwo ne, za a sake jan sunanta a ƙasa. Ta ce sunanta ai ya daɗe a ƙasa, babu sauran inda zai faɗa. Ta kai ƙara kotun shari'a, aka ba da rana. Sannan ta kama hanyar ƙauyen Darini a ƙafa cikin damina, gero ya rufe hanya, kowa na tsoron bin ta, don can ta ji Malam Abdurrahim ya koma wurin 'yarsa. Ta same shi kwance a zaure, tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta tambayi iyali da damina, sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, a hannunka aka karɓi Alƙur'anin nan." Hawaye ya gangaro cikin farin gemun tsohon. Ya ce, "Ɗiyata, tun ranar da na ga fuskar yaron nan da ya fara tafiya, rantsuwar nan ke hana ni sakewa. Ko a amalanke ne a kai ni, zan faɗi abin da kunnena ya ji."

Ranar zama kotu ta cika maƙil, har ta taga ana leƙe. Sharhabilu ya zo cikin babbar riga yana ƙamshi, Baffa Sule a bayansa. Da aka ba shi dama ya miƙe ya yi ta zuba: shi mai hali ne, yaro jininsa ne, kowa ya dubi fuska ya gani. Matar nan kuwa ba ta taɓa ɗaukar yaron a matsayin ɗa ba, ba ta goya shi ba, ba ta kiran sunansa, shi ma Yaya yake ce mata. Wadda ta rene shi ta mutu, waliyyin gidan ya miƙa masa shi da hannunsa. Baffa Sule ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Alƙali, wani dattijo mai sanyin magana, ya sa aka shigo da yaron. Aka shigo da shi cikin sabuwar shadda da ta yi masa yawa, ya rame, idanu sun kumbura, ya tsaya a tsakiya yana rarraba ido. Sharhabilu ya miƙa hannu yana murmushi, "Sadiq, zo wurin Baba." Yaron bai motsa ba.

Zuwairatu ta miƙe. Ta ji idon matan garinsu a bayanta, ta tuna tsohuwa da duk abin da ta hore ta da shi. Ta ce a ranta, Inna ki yafe mani, kunyar nan ta ci mani ɗa sau ɗaya, ba za ta ƙara ba. Ta buɗe baki, muryar ta fito har ta waje suka ji:

"Nurain! Nurain, ɗana, zo nan!"

Wata tsohuwa a baya ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, ɗan farin!" Yaron ya waigo a firgice kamar bai gane mai kiran ba... sai ya kwasa da gudu, hular kansa ta faɗi, ya faɗa jikinta ya ƙanƙame ta yana kuka. Ta ɗaga shi cak a gaban alƙali, a gaban maza, a gaban duk wanda ya taɓa cewa tana ƙyamarsa, ta rungume shi. Wallahi ko ɗan sandan da ke bakin ƙofa sai da ya kau da kai ya share ido.

Ba ta sauke shi ba ta fuskanci alƙali. "Allah gafarta Malam, kunya ce ta hana ni kiran sunanshi, irin wadda uwata ta yi mani, ba ƙi ba. Yau na ajiye ta. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, tambaya ɗaya gare ni. Mutumin nan ya yi alwala, ya rungumi Alƙur'ani, ya ce bai taɓa kusantata ba, cikin ba nashi ba ne. Ga Malam Abdurrahim nan da ya miƙa mashi littafin." Aka tallabo Malam Abdurrahim, ya maimaita rantsuwar kalma bayan kalma. Zuwairatu ta juya ta dubi Sharhabilu ido cikin ido. "To ka zaɓa. In rantsuwarka gaskiya ce, me ɗan daji yake yi a gidanka? Kai ɓarawon yaro ne ke nan. In kuwa ɗanka ne, to faɗa wa alƙali yadda aka yi ya zama ɗanka, tunda ba a taɓa ɗaura mana aure ba. Faɗi abin da ka yi mani a shagonka ranar da mutane ke gudun ceton rai!"

Gumi ya keto wa Sharhabilu. Ya dubi Baffa Sule, Baffa Sule ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Ya dubi yaron, ɗa ɗaya tilo da zai taɓa gani a duniya, yana maƙale a wuyan uwarsa ko kallonsa ba ya yi. Sai kawai ya fashe, "Nawa ne! Wallahi nawa ne! Ƙarya na rantse, tsoro na ji... ni na rufe ta a shagon, ni ne!" Kotu ta kaure da salati. Alƙali ya tsawatar aka yi shiru, ya ce duk wanda ke nan ya ji da kunnensa. Sannan ya yi bayani a natse: yaron da aka haifa ba da aure ba, a shari'a na uwarsa ne, ita ke da renonsa, gare ta ake danganta shi, namiji ba ya zuwa daga baya ya ce nasa ne don ya ga kama. Baffa kuwa ba shi da ikon kyauta da ɗan da uwarsa ke raye da hankalinta. Yaro bai yi laifin komai ba, uwarsa ma haka, duk wanda ya ƙara jifansu da mummunan suna ya sani yana ɗaukar zunubi. Ya sa aka tsare Sharhabilu a kan abin da ya amsa da bakinsa da kuma ɗauke yaro, aka haɗa da Baffa Sule. Da ɗan sanda ya kama hannun babbar rigar, Sharhabilu ya waiwayo yana kuka wiwi, "Zuwairatu, ki bar ni in riƙa ganinshi, ko daga nesa..." Ta ce, "Na gaya maka ka riƙe rantsuwarka da kyau. Ita ce taka, ita ka haifa."

Daga baya babbar kotu ta yanke masa shekaru a gidan yari, benen Safana ya koma hannun 'yan'uwa suna ta rigima a kai. Baffa Sule ya fito bayan 'yan watanni, babur ya tafi, majalisa ta daina matsa masa wuri. Matan da suka ƙi zuwa suna kuwa, su ne suka riƙa sallama ɗaya bayan ɗaya da ɗan kwanon tuwo, ana sunkuyar da kai ana "ki yafe mu". Ta yafe, don ba ta da lokacin riƙo. Allah ka isar wa duk wanda aka zalunta ba shi da mai tsaya masa.

Amma ni abin da ba na mantawa shi ne hanyarsu ta komawa gida ranar shari'ar. Ta goya shi, ƙaton yaro ƙafafunsa na reto har gwiwarta, ta ratsa tsakiyar kasuwa da shi ba ta sunkuyar da kai ba. Sun kusa gida ya sa baki kusa da kunnenta ya ce a hankali, "Yaya... ashe kin san sunana?"

Ta tsaya a tsakiyar hanya, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Ta ce, "Na san shi tun ranar da aka raɗa maka. Kullum ina faɗinshi a cikina, kai ne ba ka ji. Kuma ba Yaya ba ce, Nurain. Ni na haife ka."

Ya ƙara ƙanƙame wuyanta. Can ya ce, "Ƙara faɗi."

Ta ƙara faɗi. Har yau in magariba ta kawo kai, duk unguwar bayan kasuwa suna jin muryarta daga ƙofar gida tana kiransa ya shigo ya ci tuwo, kuma ba ta rage murya.